Yaya za mu yi zango da kamun kifi a tafkunan arewacin Ontario ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba?

Ɗalibi daga Thunder Bay ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Mu huɗu ne, dukanmu ɗalibai a birnin Thunder Bay da ke arewacin lardin Ontario a Kanada, kuma kowannenmu ya haura shekara guda a ƙasar. Muna da niyyar idan hutun lokacin zafi ya zo mu shiga daji mu kwana huɗu ko biyar a bakin ɗaya daga cikin tafkunan nan da ke nesa da gari, mu kama kifi, mu dafa abinmu da kanmu. Da muka bincika sai muka tarar cewa kamfanonin da ke kai mutane da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa suna neman kuɗin da ya fi ƙarfin ɗalibi nesa ba kusa ba, ko da kuwa mun haɗa abin da ke hannunmu gaba ɗaya.

Abin da muke nema daga waɗanda suka riga mu sanin wannan daji shi ne su nuna mana inda doka ta yarda mutum ya kafa tanti da kuɗi kaɗan ko kyauta, da kayan da ya zama dole mu saya, da waɗanda za mu iya ɗaukar haya ko aro. Ya kamata in faɗi cewa babu wanda ya ƙware wajen tuƙa kwalekwale a cikinmu, kuma biyu daga cikinmu ba su iya iyo sosai ba. Muna da mota ɗaya, ƙarama. Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Dattijo mai kwalekwale ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tsadar da ta tsorata ku tsadar jirgi ce da ta masauki, daji kuwa ba shi da tsada ga wanda ya yarda ya tuƙa kwalekwalensa da hannunsa, ya kuma ɗauke shi a kafaɗa daga wannan tafki zuwa wancan. Ontario tana da tafkuna kimanin 250,000, kuma kusan kashi 87 cikin ɗari na ƙasar lardin mallakar gwamnati ne, wato abin da suke kira Crown land. Ɗan ƙasa, ko wanda ya zauna a Kanada aƙalla wata 7 cikin wata 12 da suka gabata, yana da damar ya yi zango a irin wannan ƙasa kyauta har kwana 21 a wuri guda cikin shekara, sannan ya matsa gaba da aƙalla mita 100. Tunda kun haura shekara, kun shiga cikin wannan rukuni. Baƙon da ya zo daga waje ne ake buƙatar ya sayi izini na kowane dare idan zai kwana arewa da kogunan French da Mattawa, don haka idan wani abokinku zai zo daga Amurka ya bi ku, ku sanar da shi tun da wuri.

Sai dai ba kowane fili ne a buɗe ba. Gwamnatin lardin tana da taswira a intanet mai suna Crown Land Use Policy Atlas, wadda ke nuna abin da aka halatta a kowane yanki, kuma ina ba ku shawara ku zauna ku huɗun ku nazarce ta sosai kafin ku zaɓi tafki, domin akwai wuraren da aka hana kwana, akwai filaye masu mai su a tsakiyar daji, akwai kuma hanyoyin da aka hana mota bi don a kare tafkunan da ke nesa. Yawancin hanyoyin da za su kai ku bakin ruwa na masu sarar katako ne, tsakuwa ce zalla, kuma manyan motocin da ke jigilar gungume ba sa iya tsayawa da sauri, saboda haka ku riƙa ba su hanya, ku tafi da taya ta ajiya mai kyau da tanki cike da mai.

Game da kaya, kada ku sayi kwalekwale a shekarar farko. Ku ɗauki hayar guda biyu, ku raba kuɗin gida huɗu. Mai sauƙin nauyi ya fi tsadar haya, amma idan hanyarku ba ta da dogon dako a ƙasa, na alminiyam ko na roba mai kauri ya wadatar. Tanti da jakar barci da tukwane ana samun na hannu da rahusa, musamman a ƙarshen lokacin zafi, kuma yana da kyau ku tambaya a makarantarku ko akwai ƙungiyar ɗalibai da ke ba da aron irin waɗannan kaya. Abinci ku haɗa shi daga gida, busasshe mara nauyi, domin wanda ake sayarwa a fakiti don masu shiga daji yana cin kuɗi ba gaira ba dalili. Idan nan gaba kuka goge kuna son nisa na gaske, akwai gandun dajin Wabakimi da ke kusa da garin Armstrong a ƙarshen hanya mai lamba 527, inda jirgin ƙasa na VIA Rail ke iya sauke mutum da kwalekwalensa a tsakiyar daji idan an shirya da su tun da wuri, kuma wannan ya fi jirgin sama araha ƙwarai.

Uwar matafiya ta amsa:

Baba ya faɗi gaskiya a kan doka da kuma kuɗi, amma da izininsa ina da ja a kan abu guda, wato tura waɗannan yara ƙasar gwamnati a tafiyarsu ta farko. Ƙanena, ka ce ba ku ƙware a tuƙi ba, kuma biyu ba su iya iyo ba, ni kuwa wannan magana ta fi tsaya mini a rai fiye da batun kuɗin. A ƙasar gwamnati babu wanda ya san kun shiga, babu wanda ke gyara hanyoyin dako akai-akai, kuma wayar salula ba ta da sabis da zarar kun yi nisa da babban titi. Ni da za ku ji shawarata, da kun fara da gandun dajin Quetico, kusa da garin Atikokan, kimanin kilomita 200 yamma da Thunder Bay a kan hanya mai lamba 11. Za ku biya kuɗin kowane dare, mutum-mutum, amma za a rubuta sunayenku da mashigar da kuka bi, za ku sami taswira ingantacciya, kuma ma'aikatan za su gaya muku halin da ruwa da wutar daji ke ciki a wannan makon. Ana buɗe rajista wata 5 kafin ranar tafiya, kuma ana ƙayyade yawan masu shiga ta kowace mashiga a rana, don haka ba a yi masa jinkiri. Kuna iya kwana ɗaya a sansanin Dawson Trail da ke bakin tafkin French, ku yini kuna koyon tuƙi kusa da gaɓa, sannan ku shiga ciki washegari.

Abin da ke halaka mutane a waɗannan tafkuna ruwan sanyi ne da iska, ba namun daji ba. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya daɗe yana nazarin abin da ruwan sanyi ke yi wa jikin ɗan Adam, ya taƙaita shi da cewa wanda ya faɗa ciki yana da kamar minti 1 ya shawo kan numfashinsa, da kamar minti 10 kafin hannuwa da ƙafafu su daina yi masa biyayya, da kamar awa 1 kafin ya suma. Ma'anar wannan ita ce ko gwanin iyo ba ya daɗewa a sama idan babu rigar kariya daga nutsewa a jikinsa. Dokar Kanada ta wajabta a sami riga ɗaya ga kowane mutum a cikin kwalekwale, da igiya mai yawo a kan ruwa mai tsawon mita 15, da abin kwarfe ruwa, da usur, da tocila idan za a kai dare. Doka ta ce rigar ta kasance a cikin jirgi, ni kuma ina roƙonku ku sa ta a jiki ku ɗaure tun daga gaɓa. A nan ne ake cewa araha ba ta ado, ku sayi wadda ta yi daidai da jikin kowa ko da za ta rage muku kuɗin wani abin.

Iska takan tashi da rana tsaka, ta mai da tafkin da kuka gani a kwance da asuba ya zama mai igiyar ruwa da ke iya kifar da ku, saboda haka ku riƙa tafiya da sassafe, ku bi gefen gaɓa ko da hanyar ta fi tsawo, ku kuma ware kwana ɗaya a lissafinku na zaman jiran iska ta kwanta. Ku ɗauki hayar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin su Garmin inReach, ku bar wa wani amintacce a gari sunan tafkin da ranar fitowarku. Ruwan sha ku tafasa shi na aƙalla minti 1 ko ku tace, domin ƙwayar cutar giardia tana cikin ruwan da ido ke gani garai-garai. Baƙar beyar kuwa ƙanshin abinci ke kawo ta, don haka kada komai na ci ya kwana a tanti, a rataye shi a reshe mai tsayi nesa da inda kuke barci.

Ɗalibi daga Thunder Bay ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, Yaya. Mun tattauna, kuma ra'ayinmu ya fi karkata ga Quetico a wannan karon, mu bar ƙasar gwamnati sai baɗi idan Allah Ya kai mu. Saura batun kifin kansa. Wace takarda ake buƙata, kuma za mu iya dogara da abin da muka kama a matsayin abincinmu don mu rage kayan da za mu ɗauka?

Mai fatsa ya amsa:

Ɗan'uwa, tambayarka ta biyu zan fara amsawa, kuma amsar ita ce a'a. Ku ɗauki abincin da zai ishe ku ko da ba ku kama komai ba, domin idan sanyi ya sauko bayan hadari kifi yakan daina ci na tsawon yini ko fiye, kuma mutanen da ke tuƙi tun safe ba sa jure yunwa.

Batun takarda kuwa, duk wanda shekarunsa ke tsakanin 18 da 64 yana buƙatar katin da ake kira Outdoors Card tare da lasisin kamun kifi. Lasisin iri biyu ne, akwai cikakke, akwai kuma na tattali wanda ya fi araha amma adadin kifin da ya halatta a riƙe ya fi ƙanƙanta. A yawancin yankunan arewa cikakken lasisi yana ba da damar riƙe kifin walleye guda 4, na tattali kuma guda 2, kuma ga mutum huɗu da ke kamawa don cin dare ɗaya, na tattalin ya ishe ku har da saura. An raba lardin zuwa yankunan kamun kifi 20, kowanne da lokacin buɗewarsa da ƙa'idar tsawon kifi, wasu tafkunan ma suna da tasu dokar ta daban, don haka ku sauke littafin dokokin na wannan shekara a waya kafin sabis ya ɗauke, ku tafi da abin awo.

Tunda Quetico kuka zaɓa, ku sani cewa an hana amfani da tana ko ƙananan kifi a bakin ƙugiya, sai abin yaudara na roba ko na ƙarfe, kuma dole ƙugiyar ta zama ba ta da ƙayar nan da ke hana ta fita, wadda ake iya matse ta da filaya. An kuma hana shiga da abinci ko abin sha na gwangwani da na kwalba. Dokar hana tana da ƙananan kifin nan ta rage muku kashe kuɗi, domin sandar fatsa guda mai matsakaicin ƙarfi da 'yan ƙugiyoyi masu darma a kai da jelar roba sun isa walleye da bass. Shi walleye ba ya son haske, ya fi ci da asuba da almuru, a gindin gangaren ruwa ko inda duwatsu suka nutse. Kifin pike yana ɓuya ne a cikin ciyawar ruwa, haƙoransa suna yanke zare, sai an sa ɗan guntun waya kafin ƙugiya. Ku ci matsakaita ku saki manya, domin manyan su ne masu zuba ƙwai da yawa, kuma su ne sinadarin makuri mai guba ya fi taruwa a jikinsu, abin da ya sa gwamnatin lardin ke fitar da jagora kan yawan kifin da ya dace a ci daga kowane ruwa. Ku gyara kifin nesa da zangonku. Idan kuka ga jan zane a jikin duwatsun bakin ruwa, na kakannin mutanen Anishinaabe ne, 'yan asalin wannan yanki, waɗanda har yau suke girmama wuraren, kada ku taɓa shi ko ku watsa masa ruwa.

Dattijo mai kwalekwale ya ƙara da cewa:

Na yarda da zaɓinku, ɗana, 'yar'uwarku ta duba abin da ya fi muhimmanci. Abin da ya rage shi ne lokaci. Daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni kifi yana ci sosai, amma ruwa na da sanyi ƙwarai, kuma ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo da sauro suna kan ganiyarsu. Ku nemi watan Agusta, lokacin da ruwa ya ɗan yi ɗumi kuma ƙwarin sun ragu. Sai dai a wannan lokacin gwamnati takan hana hura wuta a fili idan daji ya bushe, don haka ku tafi da ƙaramin murhun gas da man da zai ishe ku dafa abinci da tafasa ruwa har ranar fitowa, ku kuma duba sanarwar hana wutar a daren da za ku tashi.