Masu gida sun gudu da fasfon ƙanwata a Beirut

Maman Hanan:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta shekara biyu tana aikatau a Beirut. Da yaƙin Isra'ila da Hizbullah na 2024 ya tsananta a Lebanon, masu gidan suka loda kaya a mota suka tsere, fasfonta na cikin jakarsu. Matan Saliyo da Habasha ne suka ba ta wurin kwana, su ma an watsar da su. Don Allah wace doka ce ta ba mutum ikon riƙe takardun wani? Abin ya tsaya mini a rai.

Malam Bature:
Wa alaikumus salam, sannu Hajiya. Babu dokar da ta ba su, sabo ne kawai. Tushen matsalar kafala ce: izinin zamanta yana ɗaure da sunan mai gida, in ta fita ta zama marar takarda. Sashe na 7 na dokar ƙwadagon Lebanon kuma ya cire masu aikin gida daga kariyarta.

Yaya Binta:
Matan nan masu aikin gida a Lebanon ba zaune suke ba fa. A 2015 sun kafa ƙungiyar ƙwadago, ma'aikatar ƙwadago ta ƙi yi mata rajista, ba su watse ba. Ko yarjejeniya ta 189 kan haƙƙin masu aikin gida da Hukumar Ƙwadago ta Duniya (ILO) ta amince da ita a 2011, da matsin lambar ƙungiyoyin masu aikin gida aka same ta. Lebanon dai har yau ba ta ɗaure kanta da ita ba.

Maman Hanan:
Na gode. Ta dawo da takardar tafiya ta gaggawa, amma albashin wata biyar shiru.