Neman shawara: shin in cire babin masu shaguna daga kundina kan jami'o'in zamanin da?

Ɗalibar digiri na biyu a fannin tarihi:

Assalamu alaikum, iyayena malamai da 'yan uwa. Ina rubuta kundi a kan yadda ake tafiyar da jami'o'i tsakanin ƙarni na 12 da na 15, kuma na kasa aikin gida uku. Babi na farko ya shafi shugabanci, wato wa ke naɗa shugaba, wa kuma ke hukunta mai laifi. Na biyu ya shafi abin da jami'a ta mallaka, kamar ɗakunan karatu da littattafai da makwancin ɗalibai. Na uku kuwa a kan masu shaguna ne da masu gidajen haya da sauran waɗanda abincinsu ke hannun ɗalibai. Malamin da ke duba aikina ya ce bai ga inda babi na uku ya haɗu da sauran ba, domin a ganinsa wannan tarihin kasuwa ne, ya kuma ba ni zaɓi: ko in cire shi, ko in kawo masa hujjar barinsa. Raina bai kwanta da cirewar ba, amma na kasa tsara dalilina yadda zai gamsu. Me kuke gani? Sannan ko ya dace in haɗa da makarantun Bagadaza da Alƙahira, ko in tsaya a Turai?

Malamin tarihi mai ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kada ki cire shi. Malaminki bai yi kuskure ba da ya ce bai ga mahaɗin ba, tunda yadda kika jera babukan ya sa masu shaguna sun zama kamar cikon benci, alhali kuwa a kansu aka yi yawancin rigingimun da suka haifar da dokokin da kike bayani a babinki na farko.

Ki fara da tuna cewa jami'o'in Bolonya a Italiya da Paris a Faransa da Oksfod a Ingila sun daɗe ba su da ginin kansu. Malami yana hayar ɗaki ya koyar, manyan taruka a coci ake yin su, ɗalibi kuwa baƙo ne a garin da bai da ɗan uwa, kuma dokar garin ba ta kare shi kamar yadda take kare ɗan gari. Abin da ya sa ɗaliban Bolonya suka haɗa kai suka kafa ƙungiyoyi ke nan, ɗaya ta 'yan Italiya, ɗaya ta waɗanda suka tsallako duwatsun Alfa da ke arewacin Italiya, kowacce da shugaban da ɗalibai suka zaɓa daga cikinsu. Abin da ya fi damunsu tun farko shi ne kada mai gida ya tsawwala musu haya, kada kuma a kama ɗalibi saboda bashin da wani ɗan ƙasarsu ya ci ya gudu, al'adar da Sarki Firedirik Barbarosa ya haramta a wata doka da ya yi wa masu neman ilmi a shekarun 1150. An riƙa naɗa masu ƙayyade kuɗin haya, wasu daga ɓangaren ɗalibai, wasu daga ɓangaren gari, kuma gidan da mai shi ya saɓa, ƙungiya na iya hana kowa kama shi na wasu shekaru.

Babban makamin ɗalibai shi ne tashi. Wanda ba shi da gini ba abin da ke riƙe masa ƙafa, kuma idan ɗaruruwan ɗalibai suka tattara suka bar gari, mai gidan haya da mai burodi da mai wanki su ke fara jin jiki, su ne kuma ke matsa wa hukumar gari ta nemi sulhu. Jami'ar Paduwa ta samu ne a 1222 daga waɗanda suka bar Bolonya. Kambirij ta samu daga waɗanda suka bar Oksfod a 1209, bayan mutanen gari sun rataye wasu ɗalibai kan zargin kisan wata mata. Ki duba sharuɗɗan sulhun da wakilin Paparoma ya yanke a 1214 kafin malamai da ɗalibai su koma Oksfod: a rage hayar makwancin ɗalibai da rabi har shekara 10, gari ya riƙa biyan sule 52 duk shekara domin ɗalibai marasa hali, a kuma sayar musu da abinci a kan farashin da ya dace. Wannan ita ce takarda mafi daɗewa da ta ba Oksfod gata, kuma mafi yawan abin da ke cikinta maganar haya ce da cefane.

Haka ma Paris. A 1229 gardama ta tashi tsakanin wasu ɗalibai da mai wata mashaya a unguwar San Marsel kan kuɗin abin da suka sha, dakarun gwamnati suka shiga, aka kashe ɗalibai, malamai suka dakatar da karatu suka watse zuwa wasu garuruwa har shekara 2. A 1231 Paparoma Giregori na Tara ya fitar da takardar da ta ba jami'ar ikon yin dokokinta, kuma daga cikin dalilan da ya halatta mata dakatar da darasi a kansu har da hana ta haƙƙin ƙayyade kuɗin haya. Idan Paparoma da kansa ya sa haya cikin takardar 'yancin jami'a, ban ga yadda za a ce haya ba ta cikin tarihin shugabanci ba. Wannan kaɗai ya isa ki kai wa malaminki.

Ma'aikaciyar ɗakin karatu:

'Yar uwa, Baba ya gama magana a kan haya, ni kuma bari in taɓa littafi, domin nan ne babinki na biyu da na uku suka zama abu guda. Kafin na'urar ɗab'i, babu jami'ar da za ta iya wadata ɗalibanta da littafi daga ɗakin karatunta. Kwalejin Sobon, wadda Roba na Sobon ya kafa a Paris wajen 1257, tana cikin mafiya tarin littattafai a Turai, amma jerin da aka yi a 1338 ya nuna kundi 1,722 ne, kuma waɗanda aka fi nema an ɗaure su da sarƙa a jikin teburi don kada su yi ƙafa. Saboda haka ainihin inda ɗalibi ke samun littafi shi ne shagon mai littafi da ke bakin titi.

Ga yadda abin yake. Mai shago yana riƙe da kwafin littafi guda da jami'a ta duba ta amince da shi, ba a ɗinke ba, an rarraba shi ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri 'yan shafuka. Ɗalibi ko magatakardan da ya ɗauka zai biya ɗan kuɗi ya karɓi ɗauri na farko, ya je ya kwafe a kan fata, ya mayar ya karɓi na biyu, yayin da na farkon ya riga ya wuce hannun wani. Ta haka mutane da yawa ke kwafar littafi ɗaya a lokaci guda. Jami'a ce ke yanke kuɗin hayar kowane ɗauri, ta kuma wajabta a kafe jerin a shago inda kowa zai gani. A Bolonya ana zaɓen mutum 6 da aikinsu shi ne bin shaguna su duba ko akwai kuskure a ɗaurin, a ci mai shago tara idan an samu. A Paris, tun 1275 masu sayar da littafi ke rantsuwar biyayya ga jami'a, wanda ya karya kuma a hana malamai da ɗalibai ciniki da shi, abin da ke nufin ya rufe shago. Har yau, idan kika duba gefen shafin wasu tsoffin kundaye, za ki ga ɗan lambar da magatakarda ya rubuta don tuna inda ɗauri ya ƙare.

Ki ƙara da akwatunan rance na Oksfod, waɗanda na farkonsu aka kafa a 1240 da kuɗin nan da aka ɗora wa gari biya duk shekara a sulhun 1214. Ɗalibin da kuɗi ya yanke masa zai ajiye littafi jingina ya karɓi rance ba ruwa, kuma mai shagon littafin jami'a ne ke kimanta darajar jinginar. To wannan mutumin ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin jami'a? Ni dai na kasa raba su.

Wani ɗalibin digiri na uku:

Ina tare da su, amma ina jin tsoron faɗin aikin, Malama. Ƙarni huɗu da ƙasashe uku sun yi wa kundin digiri na biyu yawa, kuma mai jarrabawa zai fi saurin kama ki a kan faɗi fiye da a kan babin shaguna. Da ni ne, gari ɗaya zan ɗauka, kuma Oksfod zan ɗauka, saboda tarzomar 10 ga Fabrairu 1355. Ta fara ne da wasu ɗalibai da suka kushe giyar da aka kawo musu a wata mashaya da ke tsakiyar gari, suka jefi mai wurin da tulun, aka kaɗa ƙararrawar cocin gari da ta cocin jami'a, mutanen ƙauye suka shigo, aka yi kwanaki ana faɗa, ɗalibai da dama suka mutu. Hukuncin Sarki Edwad na Uku shi ne abin dubawa: ya karɓe ikon sa ido kan farashin burodi da giya da kan ma'auni daga hannun gari ya damƙa wa shugaban jami'a, sannan aka ɗora wa magajin gari da manyan gari zuwa coci duk shekara su biya kwabo-kwabo, ba a daina ba sai 1825. Daga mashaya zuwa fadar sarki, babukanki uku suna cikin wannan labari guda.

Sai dai ki yi hattara da abu ɗaya. Kusan duk takardun da suka rage malamai da limaman coci ne suka rubuta, don haka mai shago kullum shi ne macuci a cikinsu. Ki nemi koke-koken da mutanen gari suka kai wa sarki, za ki ji ɗaya ɓangaren: ɗalibi ya ci bashi, an kai ƙara, kotun jami'a ce za ta yi shari'ar, mai shago kuwa bai cika yin nasara a can ba.

Malamin Larabci da tarihin Musulunci:

Game da tambayarki ta biyu, Malama, shawarata ita ce ki kawo su a matsayin madubi, shafi kaɗan, kada ki mayar da su rabin kundi, domin tsarinsu dabam ne. Madrasa irin Nizamiyya, wadda waziri Nizamul Mulk ya gina a Bagadaza aka buɗe a 1067, a kan wakafi ta tsaya. Takardar mai wakafi ce ke faɗin wanda zai koyar da abin da za a ba ɗalibi, ijaza kuma daga hannun malami take fitowa, ba daga makaranta ba. Mustansiriyya, wadda Halifa Mustansir ya aza harsashinta a 1227, tana da ɗakin girki da wurin wanka da ɗakin littattafai da likita, ana koyar da mazhabobi huɗu, ana kuma ciyar da ɗalibai. A Azhar an raba ɗalibai riwaƙi-riwaƙi, wato sashe-sashe, bisa ƙasashensu, kamar na Magribawa da na Shamawa da na Turkawa da na Barnawa, kowanne da shaihinsa da rabonsa na gurasa daga wakafi.

Amfanin wannan gare ki shi ne ya nuna abin da ke faruwa idan an ɗauke wa ɗalibi nauyin makwanci da abinci: ba shi da buƙatar kafa ƙungiyar da za ta yi ciniki da mai gida, kuma ikon ya koma hannun mai wakafi da wanda ya naɗa nazirin dukiyar. Wannan bai hana kasuwa muhimmanci ba. Masanin tarihi Yaƙubi ya ambaci shagunan masu littafi fiye da 100 a kasuwarsu ta Bagadaza a ƙarni na 9, an kuma ruwaito cewa marubuci Jahiz yakan yi hayar shagon mai littafi ya kwana a ciki yana karatu. Amma ba wata makaranta da ke rantsar da waɗannan masu shaguna, mai hisba ne ke lura da kasuwa.

Malamin tarihi mai ritaya:

Maganar Malam ta tuna mini abin da na tsallake. Ɗaliban Bolonya sun kai ga cin malaminsu tara idan ya makara bayan ƙararrawa, ko ya tsallake babi mai wuya, ko ya bar gari ba izini, kuma dalili shi ne daga aljihunsu albashinsa ke fitowa. Da hukumar gari ta fara biyan malamai, daga ƙarshen ƙarni na 13 zuwa na 14, sai ikon ɗaliban ya riƙa zagwanyewa. Haka kuma da kwalejoji suka yi gine-gine suka tara kadara, barazanar tashi ta daina tsorata kowa. Ɗiyata, ki bi sawun kuɗin a kowane babi, ki tambayi wa ke biya, wa kuma ke yanke farashi.

Ɗalibar digiri na biyu a fannin tarihi:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da sauran malamai. Na yanke shawarar rushe babukan uku in sake gina su a kan haya da littafi da abinci, ta yadda shugabanci zai fito a cikin kowanne. Zan tsaya a Oksfod daga 1209 zuwa 1355, in riƙa waiwayar Paris da Bolonya inda ya kama, in ba madrasa ɗan sashe a gabatarwa kamar yadda Malam ya ce. Yaya mai ɗakin karatu, idan ba damuwa, ina so ki ƙara mini bayani kan abin da ake yi da littafin jingina idan wa'adi ya cika ɗalibi bai zo fansa ba.

Ma'aikaciyar ɗakin karatu:

Sayar da shi ake yi, ƙanwata, bayan an yi shela, akwati ya cire kuɗinsa, ragowar kuma a ajiye wa mai littafin. Masu kula da akwatin sukan rubuta sunan mai jingina da ranar da adadin rancen a shafin farko ko na ƙarshe, kuma akwai kundayen da ke ɗauke da irin wannan rubutu sau da yawa a jere, alamar an yi ta kai su ana fansowa. Ki sa a nemo miki hotunan irin waɗannan shafuka kafin ki fara babin littafi.