Makin Apgar ko awon Apgar?

Jama'a, ku taya ni. Ina fassara wani rubutu kan lafiyar jarirai, na zo kan Apgar score na cije. Sau uku ina rubuta "makin Apgar" ina gogewa.

Ga abin da ake nufi. Minti 1 da haihuwa, sannan a minti na 5, unguwarzoma ko likita kan duba abu biyar a jikin jariri: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, yadda yake zabura ko tsala kuka in an taɓa shi, da launin jiki. Kowanne a ba shi 0, 1 ko 2, a haɗa. Daga 7 zuwa 10 lafiya lau. Ba kasafai ake samun 10 cif ba ma, domin tafin hannu da na ƙafa kan ɗan jima da shuɗi-shuɗi. Apgar ɗin sunan mace ne, Virginia Apgar, likitar da ke sa marasa lafiya barci lokacin tiyata a Jami'ar Columbia da ke Amurka. Ita ta fito da tsarin a 1952. To suna ba a fassara shi, ɗaya kalmar ce ta tsaya min a wuya.

Abin da ya raba ni da "maki" shi ne, a kunnen Bahaushe maki na jarrabawa ne. Mace ta gama naƙuda, gumi bai bushe mata ba, sai ta ji an ce ɗanta ya sami maki 4 cikin 10. Wallahi abin da za ta ji shi ne yaron ya faɗi, kuma nan take hankalinta zai tafi kan ƙwaƙwalwarsa.

A nan ne abin ya ƙara nauyi. Binciken da aka yi da kundin haihuwa na Denmark da Sweden ya nuna cewa yaran da lambarsu ta yi ƙasa a minti na 5 sun fi sauran yiwuwar samun farfaɗiya, otizim (lalurar da ke sa yaro wahalar magana da cuɗanya da mutane) ko matsalar rashin natsuwa da ake kira ADHD. Yiwuwa fa aka ce. Akasarin irin waɗannan yara lafiya ƙalau suke tashi, kuma lambar kan sauka don jariri bakwaini ne, ko don maganin da aka ba uwa lokacin naƙuda. Ba don duba ga makomar yaro aka ƙirƙiro ta ba, don a san halin da yake ciki a wannan lokacin ne. Shi ya sa in ba ta kai 7 ba ake sake dubawa duk minti 5 har zuwa minti 20. Ka haɗa "maki" da "taɓin hankali" a jimla guda, ka gama ɗaga wa uwa hankali a banza.

Wani malami ya ce min "gwajin Apgar". Allah ya gafarta Malam, gwaji ma ai ana ci ana faɗuwa, ga shi kuma yana sa a zaci jini za a ɗiba. "Ma'aunin Apgar" ya fi, sai dai ma'auni tsarin ne kansa, ba ya shiga bakin mai cika kati cikin sauri.

Wata unguwarzoma ce ta warware min. Ta ce, "Ɗan'uwa, mata ai sun san awo. Sun yi awon ciki wata da watanni, ba wadda ta taɓa cewa ta faɗi awo." Na ce Hajiya, ba za a ɗauka awon nauyi ba ne? Ta ce sunan Apgar da ke biye ya raba gardama.

Na tsaya a nan: aikin "awon Apgar", abin da ya fito "lambar Apgar". A jimla: an yi wa jaririyar awon Apgar, lambarta 6 a minti na farko, 9 a minti na biyar. Mai gyara ya kawo kafin in miƙa aikin.