Giram 500 na fulawa gwangwani nawa ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Cincin nake son yi, an rubuta fulawa giram 500, ni kuma ba ni da sikeli. Na ga an ce kofi mai mililita 240 yana cin kusan giram 125, sai na auna kofi 4. Karo na farko da kofin na dinga ɗiba daga buhu, kwaɓin ya yi tauri har yana tsagewa wajen murzawa. Karo na biyu na tankaɗe, na zuba da cokali, ya saki yana manne wa hannu, ya sha mai. Fulawa tana ta tafiya a banza, ga tsada.

Don Allah, da ƙaramin gwangwanin madara a shafe, nawa zan auna ya ba ni giram 500?