Waɗanda suka koma wa Final Fantasy VII bayan girma, ya kuka same shi?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum. Wani ƙanena ya sa mini Final Fantasy VII a waya, wancan na asali da kamfanin Square ya fitar a 1997 a kan PlayStation ta farko, mai faifai 3. Rabona da shi tun muna yara muna biyan dala ashirin a shagon wasa. Na kunna ina cewa minti kaɗan zan yi, sai da shayi ya huce a fada ban sani ba. Abin da ya ba ni mamaki, ashe labari ne da shi mai nauyi. Da muna yara danna maɓalli kawai muke mu wuce maganganun, mu dai a kai mu wurin faɗa. Duk wanda ya sake bugawa bayan ya girma ya faɗa mana yadda ya ji.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam, Yaya. Ni abin da na fara tunawa katin ajiya ne. Gurbi 15 gare shi, mu kuwa mun fi goma a kan kati guda, ga masu ƙwallo su ma suna son wuri. Kowa ya san gurbinsa kamar yadda ya san ƙofar gidansu, amma duk da haka sai an sami mai ajiye nasa a kan naka. Kuma wasan ba ya barin ka ajiye a duk inda ka ga dama, sai a wuraren ajiya ko in ka fito fili kan taswira. To ka yi ta fama cikin kogo, wuta ta ɗauke, mai shago kuma ba shi da janareta. Shi ke nan, wahalar yini ta tafi. Yanzu a waya ba wannan fargabar, sai dai wallahi danna gilashi bai kai riƙe manet, wato abin sarrafa wasan na hannu, daɗi ba.

Malamin Lakkwal: Namu faifan daga Katsina aka kawo shi, na Turanci, mu kuma Faransanci muke koyo a aji. Don haka kunamar ƙarfen nan, babban dodo na farko da ake yaƙa a wasan, ta wahalar da mu ƙwarai. In ta ɗaga wutsiya bai kamata a taɓa ta ba, in ka kai hari sai ta rama da haske mai ƙona kowa. Fassarar Turancin ma ba ta taimaka ba, an raba maganar yadda za ka ɗauka cewa aka yi ka kai hari lokacin. Wannan karon na Faransanci na buga, ina karanta komai a tsanake. Sai na gane kamfanin Shinra da ke cikin labarin yana zuƙe ran ƙasa ne, abin da suke kira Mako, yana mai da shi lantarki yana sayarwa. Masu hali suna zaune a saman faranti a birnin Midgar, talakawa a ƙasa ko rana ba sa gani. Da aka zo inda suka sako farantin yanki na 7 a kan mutanen da ke ƙasa don su hallaka ’yan tawaye kaɗan, sai da na ajiye wayar. Ina yaro na wuce wurin nan ban ji komai ba, ina ta murnar zan shiga ginin Shinra.

Uwar Biyu: Ku maza kuna shago, ni a gida na gan shi. Yayana ne mai na’urar, ni aikina zama a gefe ina kallo, in faifai ya ƙi karantuwa in goge shi da gefen zane, shi kuma ya kifa na’urar a bayanta, sai ta yarda ta tashi. Bai taɓa ba ni manet ba sai in zai tafi masallaci, ya ce in yi ta zagaye ina kashe ƙananan dodanni in tara mishi ƙarfi. Bana na buga da kaina bayan yara sun yi barci. Na san Sephiroth, babban mugun labarin, zai kashe Aeris, yarinyar nan mai sayar da furanni, a ƙarshen faifai na farko, duk da haka ban fasa sa ta cikin tawagata ba. Amma wanda ya fi taɓa ni Barret ne, shugaban ’yan tawayen. Da ina ganinsa mai hayaniya kawai, yanzu na ga mutum ne da ke riƙon Marlene, ɗiyar abokinsa Dyne, yana fita faɗa hankalinsa na gida.

Ɗan Bagalam: Hajiya, kin tuna mini. A unguwarmu akwai wanda ya rantse cewa ana iya ta da Aeris a faifai na 3, wai wani ɗan uwansa a Kano ya yi. Mun bi duk abin da ya ce. Babu wannan hanyar a wasan ko kaɗan.

Direban Ɗan Isa: Ni dai ku yi haƙuri, ban ji daɗinsa kamar da ba. Taku kaɗan faɗa, taku kaɗan faɗa, mutum da iyali ina ya ga wannan lokacin? Mutanen ma hannuwansu kamar an sassaƙa ice ba a gama ba. Da ba don sababbin fitowar suna da wurin kashe faɗan kan hanya ba, da tuni na goge shi. Na kai inda Yuffie, wata yarinya cikin tawaga, ta sace mini materiya duka, wato duwatsun da ke ba da sihiri, a hanyar garinsu Wutai, haushin da na ji ina yaro shi na sake ji, a nan na tsaya.

Mai Gyaran Waya: Direba, kar ka tsaya nan, tana mayar maka in ka bi ta cikin garin, sai dai ta hargitsa maka jerin. Ni abin da na sa a gaba yanzu shi ne wanda ya gagare mu da: tsuntsun hawan nan, chocobo, na zinariya. Sai ka haɗa kore da shuɗi su haifa maka baƙi, sannan baƙin da wani na musamman da ake kamowa yankin ƙanƙara, a ba su ƙwayar Zeio, bayan an yi ta kai su tsere a Gold Saucer, filin shaƙatawar da ke cikin wasan. Shi kaɗai ke tsallaka teku zuwa tsibirin da aka ɓoye Knights of the Round, wata materiya mai tsananin ƙarfi. A shago ba mai barinka ka yi wannan, ana jiran layi, kuɗinka na ƙarewa.

Malamin Lakkwal: Akwai wanda ya gwada sabon da aka sake ginawa a 2020? An ce mini iyakarsa Midgar, ci gaban sai na 2024.

Uwar Biyu: Haka ne Malam, na ga na farkon wurin ɗan yayata a Yamai. Kyau kam ba magana, amma faɗan ya yi mini sauri, na saba a jira ma’auni ya cika in zaɓi abin da zan yi. Mai Gyaran Waya, in ka samu na zinariyar ka faɗa mini wurin da ka samo ƙwayar, ni har yanzu kore kawai gare ni.