Wai me za mu ce wa startup da Hausa?

Jama'a ku taimaka min, jiya a Kwari ina yi wa Alhajinmu bayanin yadda Stripe ta Amurka ta sayi Paystack, kamfanin Najeriya mai harkar biyan kuɗi ta intanet, a 2020 kan kuɗi sama da dala miliyan 200, sai na ce Paystack ɗin startup ne, ya ɗago daga lissafinsa ya ce min "yaro yi min Hausa". Wallahi na tsaya ina kame-kame.

Na fara da sabon kamfani, ya ce to gidan burodin da aka buɗe a layinsu wancan watan fa? Gaskiya ya ɗaure ni. Ƙaramin kamfani ma bai yi ba, mai shagon ɗinki zai shekara talatin da kekuna biyar kuma lafiya lau yake, shi kuwa startup tun ranar farko so yake ya game ƙasa da wata dabara da babu ita a da, ko ya yi tsawo ko ya mutu. Dokar startup da Buhari ya sa wa hannu a 2022 ma cewa ta yi kada ya wuce shekara 10 da kafuwa, kuma sai da sabuwar fasaha a ciki.

Da na kawo maganar manyan kamfanoni na haɗa kai da su sai Alhaji ya ce ai ya gane, ubangida ne da yaron shago, a ba shi jari a yaye shi. A nan ne na ƙi. Yaron shago abin da maigida ya iya yake koyo, wannan kuwa abin da maigidan ya kasa yake kawowa. Ku dubi Moniepoint ɗin da ke kan teburin kowane mai POS, lokacin da suke TeamApt bankuna suke rubuta wa manhaja, bankin na da lasisi da kuɗi da kwastomomi amma nauyin jiki ya hana shi juyawa, su kuma ga sauri babu komai a aljihu. Visa ta katin banki ma da ta zuba dala miliyan 200 a Interswitch, wani kamfanin biyan kuɗi na Najeriya, a 2019 ba sadaka ta yi ba, don haka kar wanda ya ce min tallafi, haɗin gwiwa ne.

Wata Hajiya ta ce jaririn kamfani, na yi dariya amma jariri ba ya kawo wa babba komai sai kuka. Kamfani mai tasowa ya fi daɗin faɗa a rediyo, sai dai har gidan ruwan leda zai shige ciki.

Ni dai na tsaya kan kamfanin tsiro, jam'i kamfanonin tsiro, don tsiro sabo ne, girma ne aikinsa, kuma yawancinsu akuya ke cinyewa kafin su kai ko'ina. Na san wani zai ce tsiro ai har ƙurji ana faɗa wa, to Malam kawo naka, gobe da safe zan kai wa Alhaji.