Aishadon lefena ya daskare, a gyara ko a zubar?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da yamma, ya gida ya yara. Dan Allah shawara nake nema wajen masu harkar kwalliya da duk wadda ta taɓa gamuwa da irin wannan. Ina da wani falet na aishado, wato faifan hodar kwalliyar fatar ido, mai kala 18 da ya zo cikin lefena tun 2021, wallahi ina ji da shi, don farkon zuwansa taɓawa ɗaya za ki yi da burushi kala ta kama ido, ga laushi kamar fulawar da aka tankaɗe. To yanzu kala huɗun da na fi sawa, ruwan ƙasa guda biyu da ruwan gwal da wani ruwan makuba, samansu ya yi tauri ya yi sulɓi yana wani sheƙi kamar an shafa man kaɗe ya bushe, sai in yi ta murza burushi babu abin da ke hawa, ranar sunan maƙociyata sai da na sa farce na kankara kafin na samu ɗan kala. Su kuma masu ƙyalƙyalin da ban cika taɓawa ba nasu daban ne, bushewa suka yi suna marmashewa, in na buɗe sai in ga gari ya watsu a madubin, ɗaya har ya tsage ta tsakiya. Bikin ƙanwata saura sati uku a Tudun Wada nan Kaduna kuma ni zan yi wa kaina kwalliya ranar kamu da walima, ga anko ga gudummawa, gaskiya ba ni da halin sayen sabo mai kyau yanzu. Lalacewa ya yi ko yana gyaruwa? Kuma zai iya cutar min da ido? A bayansa an zana wani ɗan gwangwani a buɗe an rubuta 24M, ban san me hakan ke nufi ba.

Ummu Sadik:
Wa alaikumus salam, ni ma hodata haka ta yi, tsakiyar ta yi baƙi-baƙi ta ƙi hawa soso, ina nan ina jiran amsa tare da ke.

Anti Mai Kwalliya:
Maman Ilham sannu. Kafin in ce komai amsa min, da yatsa kike ɗiba wani lokaci? Kina jiƙa burushi da ruwa ko setin sifire, ruwan nan da ake fesa wa fuska don kwalliya ta zauna, ki tsoma cikin kalar? Sannan yaushe rabon ki wanke burushin?

Maman Ilham:
Anti duk ukun ina ciki. Ruwan gwal ɗin da yatsa nake sawa don ya fi kamawa, kuma ina fesa setin sifire a burushi in dangwala kai tsaye. Wankin burushi kam sai na ga ya yi dauɗa sosai, wani lokacin ya fi wata biyu.

Anti Mai Kwalliya:
To ai an gano bakin zaren. Kin ga shi aishado gari ne zalla, in kin duba bayan kwalin za ki ga an rubuta irin su talc da mica, sai a zuba masa ɗan abin da zai riƙe shi, wani maiƙo-maiƙo da silikon da wani sinadari wai shi zinc stearate, a danne da inji ya zama faifai. Maiƙon da aka sa masa ɗan kaɗan ne daidai misali. To duk sanda kika kai yatsa, ko burushin da ya riga ya taɓa fatar idonki da kika shafa wa faundeshan ko firaima, man nan da ake fara shafawa kafin kwalliya, kin ƙara masa maiƙo ke nan a sama, ki dawo gobe ki ƙara, kina yi kina dannawa, a hankali saman ya haɗe ya zama ɓawo kamar ƙanzon tukunya. Jiƙaƙƙen burushi ma haka yake yi, ya fi sauri ma, don setin sifire an yi shi ne ya bushe ya manne. Shi ya sa kalolin da kika fi so su suka fara yi. Amma ƙanzon a sama kawai yake, ƙasan na nan da laushinsa.

Gyaran ba wuya. Ki samu selotef ki yanko ɗan guntu, ki manna a saman kalar ki ɗan danna da yatsa ki ɗaga a hankali, za ki ga wani baƙin sulɓi ya biyo shi, ki sake da sabon guntu sau uku ko huɗu har ki ga gari mai haske ya bayyana. In ya yi kauri selotef bai ɗauka ba ki sa sabon burushin gira mai tsinin gashi ki kankare sama-sama, ki kifa falet ɗin a kan tishu garin ya zube. Kada ki sa farce don Allah, ƙarƙashin farce ba abin da ba ya ɗauka. Ni falet ɗin da nake wa amare aiki da shi duk wata sai na bi shi da selotef.

Masu marmashewar kuma labarinsu daban. Su masu ƙyalƙyali ƙwayarsu ta fi girma, maiƙo da silikon ne ke riƙe da su sosai, to shekaru na tafiya wannan maiƙon na bushewa, in ya bushe ba abin da zai riƙe garin sai ya saki. Wanda ya tsage ki murƙushe shi ya zama gari a cikin gidansa, ki ɗiga masa alkohol irin na kemis mai suna isopropyl, mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, ɗigo kaɗan har ya yi kamar damammen ƙulli, ki ɗora tishu ki danne da murfin kwalba, ki bar shi a buɗe ya kwana. Zai haɗe, amma gaskiya ba zai dawo sabo fil ba, laushin farko ya riga ya tafi.

Amaryar Kawo:
Ni na ji an ce a ɗiga man zaitun ko ɗan turare yana dawo da laushin.

Anti Mai Kwalliya:
A'a ƙanwata kada ki soma. Maiƙo ne ya kawo matsalar tun farko, ki ƙara mai kuma? Turare kuwa a bakin ido ai neman rigima ne.

Maman Ƴan Biyu:
Duk abin da Anti ta faɗa haka ne, amma ni ma'aikaciyar jinya ce, dole in faɗi ɓangarena ko da ba zai yi daɗi ba. Wannan gwangwanin da 24M yana nufin wata 24 daga ranar da kika buɗe, wato shekara biyu ke nan masu shi suka tsaya miki a kai, naki kuwa ya wuce nan da nisa. Ba na cewa ranar da ya cika wata 24 ya zama guba, busasshen gari ba ya tara ƙwayoyin cuta kamar maskara mai ruwa da ake so a canza duk wata uku, amma ke kin riƙa kai masa danshi, kuma danshi su ƙwayoyin ke nema. Ki buɗe ki shinshina. In kin ji warin tsohon man gyaɗa ko tsami, ko kin ga ɗigo-ɗigon fari ko kore kamar hunhuna, ko kalar ta juya, to babu selotef ɗin da zai gyara wannan, kwandon shara kawai. Haka in kin taɓa sawa lokacin da kike apolo ko hazbiya, ko kin ara wa mai ciwon ido. Na ga mata da fatar ido ta kumbura ta yi jawur ana gobe biki, abin tausayi wallahi, ido ba shi da na canji. Duk wadda ta sa ta ji ƙaiƙayi ko raɗaɗi ta wanke nan take, in ya kwana biyu bai lafa ba ko gani ya fara dishi-dishi ga asibitin ido na ƙasa nan hanyar Mando, kada a tsaya ɗige-ɗigen magani a gida.

Hajiya Babba:
Ku ƙara da wurin ajiya ƴaƴana. Garin nan daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, watan Agusta kuwa ko takalmi kika ajiye a lungu sai ya yi hunhuna balle hoda, sannan hunturu ya zo daga Disamba ya busar da komai har leɓe na tsagewa, Maris da Afrilu zafi ya ɗora nasa. Abin da ya sha danshi ya sha bushewa ya sha zafi shekara uku huɗu ai dole ya canza. Ƴata a banɗaki take barin nata kusa da madubi, wani a jaka cikin mota rana na dukansa, na yi faɗa har na gaji. Ki sa a durowa a ɗaki, ki rufe murfin sosai, ƴan ƙullin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi masu tsotse danshi ki jefa ɗaya ciki, amma ki kau da su daga hannun yara.

Ummu Sadik:
Na gwada selotef ɗin a hodata yanzun nan, wallahi ya fito da wani baƙin abu, ƙasan fes. Anti Allah ya saka da alheri.

Maman Hanif:
In ya zama sai kin sayi sabo kada ki matsa wa kanki da mai kala 18, ƙarami mai kala huɗu ko shida ya ishe ki biki. Sai dai ki buɗe ido, ko kasuwar Sheikh Gumi za ki shiga ko ta waya za ki yi oda, jabu ya yi yawa, ki duba rubutun kwalin da kwanan wata da lambar NAFDAC, in farashin ya yi arhar da ba ta kama hankali ki bar musu kayansu.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai ƴan uwa, Allah ya bar zumunci. Na je na shinshina ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Maman Ƴan Biyu ta ce. Ruwan ƙasan biyu da makuban ba wari, na bi su da selotef sun dawo suna hawa burushi, har na gwada a bayan hannuna. Ruwan gwal ɗin ne na ji yana wani wari-wari, kuma na tuna bara da na yi hazbiya shi na sa da yatsa zuwa wani biki, don haka na ƙwaƙule shi gaba ɗaya na zubar na goge gidan da alkohol, raina bai so ba don shi na sa ranar da aka kawo ni gidan nan. Burusan duk na wanke da sabulu na shanya a kan tawul. Anti wanda ya tsagen nan, in na danne shi yau da dare zan iya rufe murfin da safe ko sai ya ƙara wuni?

Anti Mai Kwalliya:
Ki shinshina da safen, in ƙamshin alkohol ya fita gaba ɗaya ki rufe, in da saura ki bar shi zuwa la'asar. Kuma ki fara gwada shi kwana biyu uku kafin kamu, kada ranar ta zama ranar gwaji.